KOYA WA KARE KWANCIYA A WURI GUDA

Ɗan'uwa makiyayi, da kai manomi mai ƴan bisashe a bayan gida, wannan karo za mu bar shanu da tumaki su huta, mu yi maganar mai gadinsu, watau kare.

Daga Dakwaro zuwa Tanut, daga Abalak zuwa Cintabaradan, da wuya ka iske rugga ko zango babu kare. Shi ke jin motsin dila tun kai ba ka ji ba. Shi ke tada ka in ɓarawo ya kewayo turke da dare. Malamai ma sun sanar da mu cewa addini ya yarda a riƙe kare domin kiwo, da tsaron gona, da farauta. Amma duk mai kare ya san wahalar da ke tare da shi. Ya sa baki cikin ƙwaryar nono, ya firgita saniya ana cikin tatsa, ya bi baƙo da haushi, ya ja hanji ranar yanka. Maganin da mu ka gada shi ne tsawa da jifa. Kare ya ruga, ya kewaya bayan bukka, ya komo ta wani gefe. Gobe ma haka, jibi ma haka.

To, akwai wata dabara da ba ta cin ko dala guda. Ita ce a zaɓa wa kare wuri nashi, a koya mishi kalma guda, in ya ji ta ya tafi can ya kwanta, kuma ya zauna har sai an sallame shi. Masu horon karnuka a ƙasashe da yawa su na sa wannan darasi cikin na farko da a ke koya wa kare. Ba ya bukatar ƙarfi. Yaro ɗan shekara 12 mai haƙuri ya na iya yin shi.

DON MI ZA KA ƁATA LOKACI A KAN KARE?

Ka fara da lokacin tatsa. Saniya ba ta sakin nono sai hankalinta ya kwanta. In kare ya gilma ta ƙarƙashinta ko ya yi haushi kusa, sai ta riƙe nonon, wani lokaci ta yi harbi ta zubar da wanda a ka tatsa. Matan gida sun san wannan fiye da kowa.

Na biyu, kuma shi ne ya fi damunmu mu ma'aikatan kiwo, ranar yanka. Ko ka taɓa fede tunkiya ka iske wata ƙulluwa mai ruwa a cikin hanta ko huhu? Mutane su kan yanke wurin su jefa wa kare. Wannan ƙulluwa cike ta ke da ƴaƴan tsutsa. In kare ya haɗiye ta, cikin kamar sati 6 tsutsar ta girma a hanjinshi, ta fara zuba ƙwai da ke fita tare da kashinshi. Ƙwan ba ya ganuwa da ido. Ya na maƙalewa a ciyawa, a bakin rijiya, a gashin karen da yara ke shafawa. Tunkiya ta ci ciyawar, ƙulluwa ta sake fita a hantarta. Mutum ma ya na kamuwa, kuma sau da yawa sai likita ya yi mishi aiki kafin a fitar da ita. Akwai wata tsutsar, ƴar'uwar wannan, wadda ƙulluwarta ke zama cikin ƙwaƙwalwar tunkiya. Ita ce ke sa ka ga tunkiya ta karkace kai, ta na kewaye wuri guda, ta rabu da garke, ta rame har ta mutu. Ita ma hanyarta ɗaya ce: a jefa wa kare ɗanyen kan tunkiyar da ta mutu da ciwon, shi kuma ya watsa ƙwai a makiyaya. Haka nan in bisa ta yi ɓari, kare ya ja ɗan tayin ko mabiyiya ya bi da su tsakanin garke, ya na iya baza cuta irin bakkale. Karen da ke kwance a wurinshi lokacin da a ke fiɗa ko a ke karɓar haihuwa ya ba ka damar binne abin da ya kamata a binne kafin ya kai baki.

Na uku, baƙi. Ranar allurar rigakafin bisashe, mutane su na zuwa da mota ko babur, da kaya masu warin da kare bai sani ba, su na kama tumakin da shi ke tsaro. A ganinshi ɓarayi ne. Haka mai saye da sayarwa, haka maƙwabci da ya zo gaisuwa da ɗanshi a hannu. Cizo guda ya isa ya ɓata zumuncin shekaru, ban da kuɗin magani da tafiya likita.

YANDA KARE KE KOYO

A shekarar 1898 wani masani ɗan Amurka mai suna Edward Thorndike ya rubuta abin da ya gani bayan ya yi gwaji da kyanwoyi da karnuka da ƴan tsaki. A taƙaice: duk abin da dabba ta yi ta samu daɗi nan take, za ta sake yin shi, abin da bai kawo mata komi ba, sannu sannu sai ta bar shi. Kai ma ai ka san wannan tun ba ka ji sunan Bature ba. Ragon da ka ke turkawa domin layya, wa ya koya mishi cewa ƙarar tasa na nufin dussa? Ba wanda ya buge shi. Ya ji ƙara, dussa ta biyo, ya ji ƙara, dussa ta biyo, shi ke nan.

Abin lura shi ne kalmar nan "nan take". Kare ya na haɗa lada ko horo da abin da ya ke yi a daidai wannan ƙiftawar ido. In ka ƙirga 1, 2, 3 kafin ka ba shi, ka makara. Ga misali. Ka komo daga kasuwa ka iske an lashe hura. Ka kira kare, ya zo ya na kaɗa wutsiya, ka zabga mishi sanda. A wurinka ka hore shi a kan hura. A wurinshi kuwa an buge shi ne don ya amsa kira. Gobe in ka kira shi sai ya tsaya nesa ya na kallonka, kai kuma ka ce kare ya yi taurin kai.

Saboda haka wannan aiki da lada a ke yin shi. Sanda ta na iya korar kare daga wuri, amma ba ta iya sa shi ya so wani wuri. Mu kuwa so mu ke ya so wurin. Kuma karen da ya sha duka tsoro ke cika shi, mai tsoro kuwa shi ya fi saurin cizo. Wannan ya fi tsanani ga karen Azawak, dogon nan mai siririn ciki da Abzinawa da Fulani ke riƙewa a arewacin Tawa. Ya na da riƙo. In ka ɓata da shi sau ɗaya, sai ka daɗe ka na lallashi.

ZAƁEN WURI

Kar ka yi gaggawa a nan, don rabin aikin ke nan. In wurin bai yi wa kare daɗi ba, ko shekara ka yi ka na koyo ba zai zauna ba.

Da farko inuwa. Kare ba ya zufa a jiki kamar mutum ko doki, da haki ya ke fitar da zafi. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, in ka ce ya kwanta a rana zai tashi, kuma shi ne da gaskiya. Ka duba inda inuwa ta ke da hantsi, ka duba inda ta koma da la'asar. Ƙarƙashin rumbu ya na da kyau. Gindin aduwa ko dogon yaro ma haka. In gawo ne, ka tuna shi da damana ya ke zubar da ganye, lokacin nan sai ka yi ƴar rumfa da zana. Hanya mafi sauƙi ma ita ce ka lura da inda shi karen ke zuwa da kanshi in ya gaji. In wurin bai tare hanya ba, bar mishi shi.

Sannan wurin ya zama daga nan ya na hangen garke da ƙofar gida. Kare mai gadi ba ya samun natsuwa in ya na jin motsi bai ga mai motsin ba. Amma ya yi nisa da murhu, da randa, da inda a ke ajiye ƙoren nono, da inda a ke salla. Taku 15 zuwa 20 ya isa. In kwikwiyo ne da ka ke so ya zama na garke, sa wurinshi gab da garken ƴan tumaki. Tsakanin wata 2 da wata 4 na haihuwa ne kwikwiyo ke zaɓen waɗanda zai ɗauka a matsayin danginshi. Wanda ya yi waɗannan watanni cikin ƴan raguna, da su zai shaƙu.

Ka shimfiɗa wani abu a wurin: tsohon buhu, ko guntun tabarma, ko tsohon bargo. Kar ka sa ɗanyar fata, zai tauna ta. Wannan shimfiɗa ta na da amfani biyu. Kare ya na gane iyakarta da ido da ƙafa, ya san ko ya na kai ko ba ya kai. Kuma ranar da za ku tashi, ka naɗe ta ka ɗora a jaki. Duk inda ku ka sauka, ko a Azawak ne da damana ko a gonakin kudu bayan girbi, ka shimfiɗa ta, kare ya samu gidanshi. Ka riƙa kakkaɓe ta ka na shanyawa a rana saboda ƙuma da kaska. Ka ajiye kaskon ruwa nashi shi kaɗai a gefe.

Sai lada. Ka nemi abin da ya ke so, ka gutsuttsura ƙanana kamar ƙwayar wake: ƙanzon tuwo, ƙuli-ƙuli, ɓarɓashin cuku, busasshen kifi, dafaffen nama in an samu. Ban da ɗanyen kayan ciki, ka ji dalili. Ban da abin da ya sha albasa, don albasa ta na lalata jinin kare. Ban da dafaffen ƙashin kaza ko na zabo, ya na tsagewa ya soke shi. Ba sai ka ƙara mishi abinci ba. Daga cikin rabonshi na yini za ka ɗiba, ka sa a aljihu. Kuma a yi darasin kafin ya ci, da sassafe ko da marece in rana ta yi sanyi. Ƙosasshen kare ba ya karatu.

AIKIN KANSHI

Ranar farko ka zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, bisashe sun fita, yara ba su kusa. Ka tsaya gab da buhun. Ka riƙe lada a hannu, ka kai kusa da hancin kare, ka ja hannun sannu zuwa bisa buhun. Zai bi. Da zarar ƙafafunshi sun hau, ka ce "yauwa!", ka ajiye ladar a bisa buhun, tsakanin ƙafafunshi. Ka lura, a bisa buhun, ba daga hannunka a tsaye ba. So a ke ya ɗauka cewa buhun ne ke haifar da abinci. Daga nan ka jefa wata ƴar lada can gefe don ya sauka, ka sake jawo shi. Ka yi haka kamar sau 10, ka tsaya. Minti 3 zuwa 5 ya isa. Gara ka tashi ya na son ƙari da ka ci gaba har ya gaji ya tafi abinshi.

In ya ƙi hawa, ya na tsoron buhun, kar ka ɗauke shi ka aza, kar ka ja shi da igiya. Ko kallon buhun ya yi, ce "yauwa" ka ba shi. Sannan sai ya shinshina. Sannan sai ya sa ƙafa guda. Da haka da haka zai hau.

Wannan "yauwa" ita ce gadar da ke tsakanin aikin da ladar. Hannunka ba ya isa aljihu ya fito cikin ƙiftawar ido, amma bakinka ya na iyawa. Ka faɗe ta daidai lokacin da ya yi abin da ka ke so, da murya iri ɗaya, kuma kowace "yauwa" lada ta biyo ta.

Bayan kwana 2 ko 3 za ka ga ya fara rigan hannunka zuwa buhun. To, yanzu ka fitar da ladar daga hannu. Ka nuna buhun da hannu wofi kamar yanda ka saba, in ya hau ka ce "yauwa", sannan ka ciro daga aljihu. Wannan mataki mutane da yawa ke tsallakewa, su ƙare da karen da ba ya motsi sai ya ga tuwo a hannu.

Sai yanzu kalma za ta shigo. Ka zaɓi guda, gajera: "wurinka", ko "buhu", ko da Fulatanci ko da Tamashek, duk ɗaya ne a kunnen kare. Ka faɗe ta sau ɗaya, ka ɗan dakata, sannan ka nuna da hannu. Dalilin da ya sa ba a fara da kalma ba shi ne, in ka na ta faɗin "wurinka, wurinka, wurinka" ga karen da bai san komi ba, kalmar za ta zama mishi kamar kukan zabi, abin da a ke ji a wuce.

Hawa buhu ba shi ne kwanciya ba. In ya hau, ka riƙe lada a hancinshi ka sauke hannu sannu zuwa ƙasa, tsakanin ƙafafunshi na gaba, ka ɗan ja ta waje. Kai zai bi hannu, ƙirji ya bi kai. Da gwiwoyinshi sun taɓa ƙasa, "yauwa", ka ba shi 2 ko 3 a jere. Kar ka danna bayanshi, in ka danna zai turje. Nan gaba kaɗan sai ka daina ba da lada a kan tsayuwa, sai ya kwanta. Da kanshi zai gane cewa "wurinka" na nufin je ka kwanta.

Saura zama, kuma nan ne haƙuri ke aiki. Ya na kwance, ka ƙirga 1, 2 a zuci, ka ajiye lada. Ka ƙirga zuwa 5, ka ajiye. Zuwa 10. Ka koma 3. Ka tafi 15. Kar ya zama kullum ƙaruwa ya ke, in ba haka ba zai gane cewa abin sai daɗa wuya ya ke, ya tashi. Ka riƙa ajiye ladar a hankali, ba tare da hayaniya ko wasa ba, don natsuwa ka ke koyarwa. Ka dubi jikinshi. In ya juya ƙugu gefe guda, ko ya aza haɓa a ƙasa, ko ya ja dogon numfashi, wannan shi ne abin da ka ke nema. Ba shi lada a kan wannan. Karen da ke kwance kamar baka a ɗame, ido a aljihunka, bai riga ya zauna ba.

Kuma lalle ne a samu kalmar sallama. In ka gama, ka ce "tashi" ko "je ka", ka tafa hannu ko ka yi gaba don ya biyo ka. In babu wannan kalma, shi zai riƙa yanke wa kanshi lokacin tashi, aikin ya rushe. Kar ka manta da shi a kwance ka tafi kasuwa.

In ya iya zaman minti 1 ka na tsaye kusa, sai ka fara ja da baya. Taku 1, ka komo, lada. Taku 3, ka komo. Ka juya mishi baya. Ka kewaya bayan rumbu ka fito. Kullum kai ne za ka komo wurinshi da ladar, kar ka kira shi ya zo ya karɓa, don sai ya ɗauka tashin ne a ke biya. Haka kuma ka fara aika shi daga nesa: daga taku 2, daga taku 5, har daga bakin garke.

Daga ƙarshe a kawo abubuwan da ke ɗauke hankali, daga ƙarami zuwa babba. Yaro ya wuce a hankali. Kaza ta gilma. A wuce da akuya a igiya. Maƙwabcin da ya sani ya yi sallama daga nesa. Uwargida ta wuce da ƙwarya. Sai can daga baya tatsa ta gaske, baƙo na gaske. Ƙa'idar ita ce: tsawon zama, da nisa, da abin ɗauke hankali, ba a ƙara biyu a lokaci guda. Ranar da ka kawo akuya, ka komo kusa da shi, ka rage tsawon zaman. Kamar ɗaukar kaya ne ga ɗan raƙumi, ba a aza mishi buhu 2 ranar farko.

IN YA TASHI FA?

Zai tashi, babu shakka. Kar ka yi tsawa. Ka kai shi wurin cikin natsuwa, ya kwanta, ka ɗan jira kaɗan kafin ka ba shi komi, don kar ya koyi cewa tashi da komowa hanya ce ta samun abinci. In ya tashi sau 2 a jere, ka san ka yi sauri. Koma matakin da ya iya, ka yi kwana 2 a can.

Kwana nawa a ke yi? Ya danganta da karen da kuma mai shi. Wani kwikwiyo cikin sati guda ya san wurin, amma zama a gaban baƙo ko gaban nama ya na ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Kwikwiyo ɗan wata 2 ko 3 ya na iya farawa, sai dai zamanshi gajere ne, kar ka nemi fiye da abin da zai iya. Tsohon kare ma ya na koyo. Abin da ke jinkirta shi tsofaffin halaye ne, ba ƙwaƙwalwa ba.

A ganina abin da ya fi kashe wannan aiki mutanen gida ne. Kai ka na cewa "wurinka", uwargida na cewa "fita", yara na jifa. Ka tara su ka gaya musu kalmar, kowa ya riƙe ta. Ka kafa doka: in kare na bisa buhunshi, ba mai taɓa shi, ba mai tsokanarshi, ba mai hawa bayanshi. Kuma kar a taɓa kora shi can da duka don ya yi laifi. Ranar da buhun ya zama gidan kaso, ranar ya daina zuwa. Wanda ke jefa mishi loma daga bakin akushi shi ma ɓarna ya ke yi. In za a ba shi saura, a kai mishi wurinshi.

Ba za ka dawwama da ƙuli-ƙuli a aljihu ba. In ya ƙware, sai ka riƙa ba shi wani lokaci, wani lokaci "yauwa" da shafa kawai. Amma kar ka yanke gaba ɗaya. Abincinshi na marece ma a can za a riƙa ajiye mishi. Kuma duk sanda ka gan shi ya je ya kwanta da kanshi ba wanda ya aike shi, ka wuce ka jefa mishi wani abu.

Ranar da ku ka sauka sabon zango, kar ka yi mamaki in ya yi kamar bai taɓa jin kalmar ba. Kare ya na haɗa darasi da wurin da ya koye shi. Shimfiɗa buhun, ka maimaita matakan farko na minti kaɗan, zai tuna. Bayan zango 3 ko 4 ba ya sake bukatar tuni.

ABIN DA BUHU BA YA YI

Da dare ba a aika kare mai gadi wurinshi. Dare lokacin aikinshi ne, a bar shi ya kewaya. Haka karen da bai samu fita ya bi garke ya zazzaga ba tun safe, ba zai iya kwanciya ba, jini na tafasa a jikinshi.

Karen da ya taɓa cizon mutum, da karya mai shayarwa, kar ka dogara da kalma kaɗai a kansu. Ranar allura ko ranar suna, a kai su wurinsu tun kafin baƙi su iso, a ɗaure da igiya mai tsawo, a inuwa, da ruwa kusa. Bambancin shi ne karen da ya saba da wurin ba ya shaƙe kanshi da igiya ya na kuka. Ranar layya ma haka za a yi har sai an binne duk hanta da huhu masu ƙulluwa cikin rami mai zurfi, ko an ƙone su. Ka tambayi ma'aikacin kiwo na yankinku maganin tsutsar kare, wanda a ke kira farazikantel. Shi zai auna maka gwargwadon nauyin karen, ya gaya maka lokacin maimaitawa. Kashin da ya yi cikin kwana 2 bayan shan maganin, a binne shi.

Sai babbar magana, haukan kare. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukansu daga kare su ka samo shi, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamun ciwon sun bayyana ga mutum, babu magani. Horo ba ya hana shi, allura ce ke hanawa. A yi wa kwikwiyo tun ya na wata 3, a riƙa sabuntawa yanda ma'aikacin kiwo ya faɗa, a adana takardar. In an yi wa karnuka 7 cikin 10 na yanki allura, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa a tsakaninsu.

A nan karen da ka hora ya na da wani amfani da ba a cika tunawa ba: ka san halinshi, saboda haka za ka ga canji da wuri. In karen da kullum ke amsa kalma ya wayi gari ba ya jin ka, ya na ɓuya cikin duhu, ko ya na cizon itace da ƙasa, muryarshi ta sake, miyau na zuba, baki a buɗe, wannan ba taurin kai ba ne. Kar ka matsa don ka maida shi buhu. Kar ka sa hannu a bakinshi wai ƙashi ya maƙale. Ka janye yara da bisashe, in da hali a rufe shi ba tare da an taɓa shi ba, ka aika a gaya wa ma'aikatan kiwo.

In kuwa ya ciji mutum ko ya yakushe shi, ko da karen gida ne mai lafiya a ido, a wanke ciwon nan take da sabulu da ruwa mai yawa, a yi ta wankewa har minti 15. Kar a ɗaure, kar a zuba toka ko barkono. A tafi likita a ranar, ba sai gobe ba, don allurar da a ke yi wa mutum bayan cizo ta na aiki ne in an fara ta da wuri. Shi kuma karen, in ba ya nuna alamar hauka, kar a kashe shi kuma kar a bar shi ya ɓace. A ɗaure shi a wurinshi, a ba shi ci da sha daga nesa, ma'aikacin kiwo ya riƙa duba shi har kwana 10 zuwa 15. Abin da ya gani shi zai gaya wa likitan da ke kula da wanda a ka ciza.